Daga Hagu Habsu Ta Buɗe

Ni na goyi Habsu, don haka kada wani ya zo ya ce zai ba ni labarinta. Uwarta ƙanwar Innata ce, gidanmu ɗaya a Gummi, a unguwar da ke gangarawa bakin gulbi. Ubanta masunci ne. Tun tana rarrafe yarinyar nan ba ta san zama ba. Ka ajiye ta a tabarma ka juya ka ɗauko ludayi, sai dai ka tsinto ta a zaure. Da ta tasa ita ce mai kai wa ubanta abinci bakin ruwa, kuma ba ta taɓa dawowa da busasshen zane ba, sai ta faɗa gulbin nan ta yi iyo son ranta. Na doke ta a kan haka har hannuna ya gaji. Makarantar allo ta yi, ta kuwa yi nisa. Boko kam ba ta leƙa ba, sai dai ta ga 'yan makaranta suna wucewa da littattafansu.

Sana'ata gumin shinkafa. In na turara na shanya an casa, Habsu ke tsare mini kwarya ranar kasuwa. A nan Halilu ya gan ta. Ɗan Adabka ne, can ƙasar Bukkuyum, kabu-kabu yake yi, yana ɗauko mutane da buhunan dawa a babur. Mutumin da rumbun gidansu ke cike da hatsi, sai ga shi duk kasuwa yana sayen shinkafa kamar mai shirin biki. Na ce masa in shinkafa yake so ya yi magana da ni, in kuma mai awon yake so ya je ya ga ubanta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya je ya ga uban. Babu wanda ya tura wani. Su suka ga juna suka so juna, aka ɗaura, aka kai ta Adabka. Haihuwa dai Allah bai kawo ba, amma in ka gan su a kan babur ɗin nan, ita a baya mayafi yana tashi, ba ka cewa suna da wata damuwa.

Sai zinari ya zo ya haukata ƙasar nan. Manomi ya jefar da fartanya, mahauci ya jefar da wuƙa, kowa ya nufi rami. Halilu ya jingine babur ya bi 'yan'uwansa, Abubakar da Yahaya. Na hana, wa ya ji ni? Bai yi damina biyu yana haƙa ba rami ya rufta da shi. Da aka tono shi yana da rai, yana magana, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Asibitin Anka aka fara kai shi. Lokacin ne ake ta fama da gubar dalma, wadda ta yi ta kwashe yara a su Tungar Guru, kuma likitocin ƙasashen waje sun cika garin suna yi wa yaran magani. Ni na bar shinkafata na je taya Habsu jinya. Cikin baƙin nan akwai wata 'yar ƙaramar mace, ma'aikaciyar jinya, ba ta fi kafaɗata ba. Mu 'yar Caina muke ce mata, sai daga baya aka ce mana 'yar Japan ce. Ba ɓangaren Halilu take aiki ba, wurin yara take. Amma in ta fito hutawa takan tarar da Habsu tana wanke tsummokaran mijinta a bakin famfo, sai ta zauna kusa da ita. Ita ba ta jin Hausa, Habsu ba ta jin komai sai Hausa. Haka za su zauna suna ɓare gyaɗa, wannan ta yi murmushi, waccan ta yi murmushi. Wata rana ma ta bi Habsu ciki, ta tsaya a kan Halilu ta daɗe tana kallonsa, ta duba takardar da ke rataye a gadonsa, ta fita.

Ranar da za ta koma ƙasarsu, motarsu na jira, ta zo da sauri ta danƙa wa Habsu wani ɗan littafi mai kauri. Ta riƙe hannayenta biyu, idanunta sun kawo ruwa, ta sunkuyar da kai kamar mai ruku'u, ta tafi. Ba mu ƙara ganinta ba.

Littafin duk zane ne, baƙi da fari, gida-gida a kowane shafi. Mutanen ciki idanu dara-dara, hanci ɗan tsit. Rubutun kuwa ba Ajami ba, ba boko ba, wasu 'yan ƙarce-ƙarce ne masu saukowa daga sama zuwa ƙasa. Habsu ta ɗora shi a cinya ta buɗe ta dama, yadda hannunta ya saba da izunta. Tana ganin mace kai ba ɗankwali tsaye da namiji, sai ta rufe da sauri tana istigfari. Ta ce subhanallahi, littafin hotuna ne ta buɗe ta inda ake buɗe Alƙur'ani. Ai littafin da ba na addini ba ta hagu ake buɗe shi, ta sha ganin 'yan boko. Ta juya shi. Duk matan da ke zaune a wurin suka ce ta yi daidai, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan abin da zai yi ke nan.

Ga abin da ta gani da ta fara daga hagu. Wata budurwa mai guntun gashi zaune a jirgin ƙasa, da jaka a cinya. Habsu ta ce zuwa ta yi. Sai ga ta tsaye gaban wani dutse da furanni, ta haɗa tafuka. Habsu ta ce addu'a take yi kafin ta shiga gari. Sai ga wani saurayi kwance a gadon asibiti, ya rame ƙwarai, an sa masa robobi a hanci da hannu, budurwar na zaune a gefensa. Shafi bayan shafi tana ba shi abinci, tana goge masa fuska. Ana tafiya robobin suna raguwa, kumatunsa suna cikowa. Can sai ga shi a keken guragu tana tura shi. Can sai ga shi a ƙasa ya dafa hannu ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, mutane sun kewaye shi baki buɗe. Habsu ta ce tashi yake yi, shi ya sa suke mamaki. A shafi na gaba kuwa ga shi yana gudu. Ga shi a kan keke ya goya ta, gashinta ya yi tsawo har gadon baya, iska na kaɗa shi. A ƙarshe su biyu ƙarƙashin laima ɗaya ana ruwa, suna kallon juna da kunya kamar ranar suka fara haɗuwa.

Habsu ta rufe littafin ta rungume. Ta dube ni, fuskarta ta washe irin yadda rabon da in gani tun kafin ramin.

"Yaya, kin gane? Likita ce. Ta duba shi, ta karanta takardarshi. Ba ta jin Hausa, shi ya sa ta hwaɗa mani da hoto. Tashi za shi yi."

Ban musa mata ba. Wa zai musa wa mai jinya a rana irin wannan?

Daga Anka aka kai shi Sakkwato, daga Sakkwato aka dawo da shi gida. An kawo mai ɗori, an yi rubutu, an yi tofi, an shafa duk abin da aka ce a shafa. Ƙafafun nan ko yatsa. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakinsu na Adabka, ɗaki mai 'yar taga ɗaya wadda ba ta wuce faifai ba, kuma daga ranar duniyar Habsu ta koma tsakanin katifar nan da bakin rijiya.

Wanda bai yi jinyar mai karyayyen baya ba bai san abin da nake faɗa ba. Ba ya sanin fitowar fitsari, ba ya sanin fitowar bayan gida. In aka bar shi a gefe ɗaya ya daɗe, fatar wurin ta mutu ta zama gyambo, don haka sai an yi ta juya shi. Habsu ce mai juyi, ita ce mai wanki, ita ce mai shafa masa man kaɗe a baya, ita ce mai ɗaga shi ya yi alwala ya yi salla da ishara. A tsakanin wannan da wancan ta soya ƙuli-ƙuli a ba 'yan talla, don da shi ake ci. Uwar Halilu, Inna Hure, tana gidan, amma tsohuwa ce, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, iyakarta ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi. Abubakar da Yahaya kuwa suna can bakin rami. In sun leƙo gida su tsaya daga ƙofa su ce sannu, sannu, Allah ya sawwaƙe, su kama hanya. Sannu ba ta juya majinyaci.

Biki ya wuce ta, suna ya wuce ta. Ranar da ubanta ya rasu ta zo Gummi da hantsi, kafin la'asar ta hau babur ta koma, don babu mai juya shi. Yarinyar da ba a iya tsare ta a tabarma. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayanta, baƙin cikin nan ya fi mini na mamacin.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ni kuwa ba na iya ganin abu in yi shiru, Allah bai yi ni haka ba. Duk zuwan da zan yi Adabka sai mun yi. Na gaya mata na tambayi malamai, sun ce macen da ke cikin halinta tana da hakkin ta nemi a sawwaƙe mata, babu zunubi. Na ce mata ƙuruciyarta ce ke zubewa a bakin rijiya, ga ta ba ɗa ba jika. Na ce yana da 'yan'uwa maza majiya ƙarfi, su ma su ɗanɗana. Ba ta yi mini gardama. Sai ta jawo littafin nan daga ƙarƙashin matashi, duk ya yi laushi ya sha man kaɗe, ta buɗe ta nuna mini inda suke. Da fari takan ce suna wajen robobi. Da aka samo wa Halilu tsohon keken guragu, ta ce to kin gani, sun kai wajen keke, saura tashi. Na taɓa ce mata wa ya sani ko ba haka labarin yake tafiya ba. Ta nuna mini gashin budurwar, guntu a farko, dogo a ƙarshe, ta ce gashi dai tsiro yake yi, ba ya komawa ciki. Na tsani littafin nan kamar in jefa shi a murhu.

Shi ma Halilu ba mugu ba ne, kada in ci hakkinsa. Ya sha ce mata ta tafi. Ya ce ya yafe mata, ya ce ba ya so ya tashi gaban Allah da alhakinta. Sai ta buɗe masa littafi shi ma. Ya juyar da kai wajen bango. Ina jin wani lokacin shi ma yakan so ya yarda.

Abokinsa ɗaya ne bai gudu ba, Ɗantani. Tare suka yi kabu-kabu, daga baya shi ya buɗe rumfar cajin waya a kasuwar Adabka, yana kuma tura wa mutane fina-finai a memori. Shi ya kawo wa Halilu waya mai babbar fuska, ya riƙa karɓa yana cika masa ita. Halilu ya kalli dambe, ya kalli Indiya mai fassara, ya kalli na Hausa, har Ɗantani ya rasa abin da zai sa masa. Sai ya fara zuba masa katun, irin na Japan, waɗanda wani ya turo masa daga Gusau.

Wata rana Ɗantani ya kira ni a waya, ya ce Halilu na so in zo, kuma in zo da shirin zama shaida. Na rufe shinkafata na hau babur.

Bayan azahar muka taru a ɗakin nan, ni da Habsu da Ɗantani, Inna Hure tana bakin ƙofa. Halilu ya sa aka jingina shi da bango. Ya ce wa Habsu ta ɗauko littafinta ta zauna kusa da shi. Ya miƙa mata wayar ya ce ta kalla, kada ta ce komai sai ya ƙare. Ashe ya daɗe da ganin abin, yana ta juya shi a ransa shi kaɗai.

Wallahi su ne. Budurwar nan da saurayin nan, idanun nan, har ɗan tabon da ke gefen girarsa. Sai dai a waya suna da launi, suna motsi, suna magana da yarensu, ga kiɗa mai sanyi. Habsu ta yi 'yar ƙara don murna, ta ce ga mutanenta. Amma fim ɗin da laima ya fara. Ana ruwa, ta fito ba ta da laima, ya matsa ya rufa mata, ba su san juna ba. Habsu ta ɗaga kai ta ce sun fara ta ƙarshe. Halilu ya ce ta dai kalla.

Ya goya ta a keke. Ya yi gudu a fili tare da wasu samari. Yana cikin gudun sai ya dafe ƙirji ya zube, ya dafa hannu ɗaya a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, mutane suka kewaye shi. Hoton nan ne sak, wanda ta yi shekara da shekaru tana nuna mini tana cewa tashi yake yi. A takarda mutum yana tsaye cik tsakanin sama da ƙasa, kai ke zaɓa masa inda ya nufa. A waya kuwa kana gani da idonka yana faɗuwa. Sannan ga tari. Littafi ba ya tari, amma a wayar nan tun suna kan keke yaron ke ɗan yin tari, yana ɓoye mata, tarin yana ƙaruwa. Daga nan keken guragu, daga keke gado, robobi suna ƙaruwa, kumatu suna zubewa. Dutsen nan mai furanni kuwa kabarinsa ne.

Sai aka nuno abin da babu shi sam a littafin. Budurwar ta tsaya gaban madubi ta ɗauki almakashi, ta kama dogon gashin nan ta datse. Na saci kallon Habsu. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

A littafi jirgin ƙasa shafi ɗaya ne. A waya sun ja shi. Ta shiga jirgi, ya yi ta tafiya da ita, gonaki suna wucewa, ta sauka a wani babban gari a bakin ruwa. Ta sayi wani abinci a kwano ta zauna ita kaɗai ta cinye tas. Ta cire takalmi ta shiga ruwan har gwiwa, igiyar ruwa ta jiƙa mata riga, ta yi dariya. A nan ya ƙare.

Ɗantani ya yi gyaran murya, ya ce ya tambayi wanda ya turo masa. Irin littafin nan manga suke ce masa, in an mai da shi katun kuma anime. Kuma mutanen Japan ta dama suke buɗe littafinsu, duk ƙasar haka suke yi.

Habsu ta ce, "Awa Alƙur'ani?"

Ya ce ƙwarai, ta nan dai suke buɗewa.

Ta ɗauki littafin ta buɗe ta dama. Ta bi shi shafi-shafi, ba ta tsallake ko ɗaya ba, mu kuwa muna zaune kamar an yi mana mutuwa. Da ta kai jirgi ta rufe. Ta ce to ke nan abin da likitar ta gaya mata shi ne ba zai tashi ba, ko kuwa ma ba ta gaya mata komai ba, kyauta ce kawai irin ta mai tafiya. Babu wanda ya sani.

Halilu ya ce mu shaida.

"Habsu, ba ni tashi. Ke ma yanzu kin sani. Na sake ki, saki ɗaya. Ki bi Yaya Saratu ki tahi gida."

Inna Hure ta fashe da salati daga bakin ƙofa. Habsu ba ta yi kuka ba. Ta tambaya wa zai juya shi. Ya ce ya riga ya yi magana da Abubakar da Yahaya, sun ɗauki alkawari za su riƙa karɓa-karɓa, Ɗantani ma zai riƙa leƙowa. Kafin mu fito sai da ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta nuna wa Ɗantani yadda ake sa hannu ƙarƙashin ƙugu da kafaɗa. Littafin a nan ta bar shi.

Kwanakinta na farko a Gummi ba ta iya zama. Tana cikin cin abinci sai ta zabura ta miƙe, wai lokacin juyi ya yi, sai ta tuna ta koma ta zauna. In ce mata ke da kike idda ina za ki, zauna ki ci. A hankali jikin ya saki. Ta fara cin tuwo har ta nemi ƙari. Ta karɓe mini turara shinkafa, ta ce wai hannuna ya tsufa, na ce naki ne ya tsufa, mara kunya. Ƙasusuwan wuyan nan suka fara ɓuya. Maƙwabta suna shigowa hira, sai ka ji muryarta ta fi ta kowa.

Wata safiya muka gangara gulbi wankin shinkafa, can inda mata ke yi, babu maza. Na sunkuya ina regaya, na ɗago ban gan ta ba. Sai ga kai can tsakiyar ruwa. Mace da girmanta, da zanenta, tana iyo tana ƙyalƙyala dariya, tana ce mini in shigo in ban ji tsoro ba. Na zage ta tas, na ce Allah ya shirye ki, ke da kike idda. Amma na juya baya na goge idona da gefen mayafi. Na ce a raina Alhamdulillahi, ɗiyar nan ta dawo.

Idda ta kusa cika, har na fara tunanin inda zan sama mata wurin zama a kasuwa. Ran nan muna shanya da hantsi wayata ta yi ƙara. Ɗantani ne. Bai ko gama gaisuwa ba ya fara ba ni labari. Abubakar da Yahaya sun yi 'yan kwanaki suna zuwa, sai aka ce an samu sabuwar jijiyar zinari, suka koma rami. Shi yana zuwa safe da yamma, amma yana da rumfa yana da iyali, tsakanin safe da yamma kuwa da nisa. Inna Hure ta gwada juya shi ita kaɗai, ta faɗi ta gurɗe hannu. Gyambo ya buɗe a ƙugun Halilu gefe biyu, har ya fara wari, ƙudaje ba su barin ɗakin. Ya ce Halilu na so ya yi magana da Habsu.

Na so in kashe wayar, Allah ya sani. Amma tana tsaye a gefena, ta ji komai. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Wayata mai ƙara ce, ina jin abin da yake faɗa. Da fari kuka ne kawai, kukan babban mutum, mara daɗin ji.

"Habsu, na so in iya. Wallahi na so in iya. Na maishe ki. Ki yahe mani."

Wanda ya yi saki ɗaya, muddin idda ba ta cika ba, kalma ɗaya ta ishe shi ya mai da matarsa, ba sai ta yarda ba. Haka shari'a take, kowa ya sani. Ta ce, "To." Ta miƙo mini wayar.

Ni kuwa na haukace. Na zagi Abubakar, na zagi Yahaya, na zagi zinari da wanda ya fara tono shi. Na ce mu je wurin alƙali, yanzu ma ta fi da hujja. Na so in zagi Halilu, bakina ya ƙi, don na san da ni ce kwance ƙudaje na bina, da na kira tun kafin shi. Habsu ta bar ni na gama. Ta ce alƙali zai iya raba aure, amma ba zai je ya juya shi ba. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta.

Na bi ta ciki. Ta durƙusa tana ƙulle bakin zane, ba ta ɗago ba. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, in hwaɗa maki wani abu, kada ki hwaɗa ma kowa."

Na ce ina ji.

"Da can da nike juya shi, jiran tashinshi nike yi. Yanzu in na koma, mi zan jira? Kin ga inda ta sauka jirgi ta shiga ruwa? Kullum sai na tuna wurin. Allah shi yahe mani, Yaya, na hi son na wayar."

Ta ɗago tana kallona, tana jira in tsawata mata kamar yadda na saba tun tana yarinya. Na durƙusa na kama ɗaya bakin zanen muka ƙulle tare.

Na aika aka kira ɗan kabu-kabu. Na zuba mata shinkafa a buhu, na sa mata man kaɗe da sabulu da tsofaffin zannuwana don tsumma. Ta hau, ta gyara mayafi, ta ce wa mai babur ya yi sauri, tun safe ba a juya shi ba.